Tabarmin da ka gani a ƙofar gidana

Assalamu alaikum, angona Lawali.

Gaisuwa mai yawa daga Tsibiri. Ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da babanka da innarka da ƙannenka duka. Allah shi tsare mani ku, shi raba ku da sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ni nan lafiya lau nake. Bari in sake faɗi, don na san kunnenka da tauri: lafiya lau nake. Da safen nan na shanye kwanon kunu da ƙosai, na yi faɗa da mai kawo mani ruwa, kuma ni na ci.

Jiya innarka ta zo har ɗakina, ta zauna tana murza bakin mayafi, sai da na ce mata in ba ta magana zan koma barcina. Ta ce ka ci jarrabawar bak, an ba ka gurbi a iniwasite a Yamai, an ɗaure maka kaya za ka shiga kar, babbar motar fasinja, ranar Asabar, sai kawai ka kwance jaka ka ce bana ba ka zuwa. Wai ka yi mafarki ka dawo daga Yamai ka iske an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, maza zazzaune ana karɓar gaisuwa. Ta ce in ba ka je kan lokaci ba gurbin ya wuce ka, kuma babanka ya yi magana har ya gaji.

Sai yanzu na gane abin da ke kawo ka kwanan nan, kullum kana kan babur daga unguwar Zariya ta Maraɗi zuwa Tsibiri. Ni ina ta yi wa maƙwabta fariya, ina cewa angona ya dawo cikin hankalinsa, ya tuna yana da mata. Ashe zuwa kake ka duba ko ina numfashi. Amma ka ci amanar aure, Lawali.

Da baki ba za mu iya wannan zance ba. Ni da kai ba mu taɓa soma magana ta kirki ba ta koma dariya ba. Shi ya sa na nemo bik da takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya daɗe bai yi ba. Ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake, don ni na riga ka yin wautar mafarki, kuma tawa ta fi taka girma.

Lokacin muna Jiratawa ni da kakanka Malam, Allah shi jiƙansa, babanka yana jinjiri. Malam yana da fili a fadama inda ake noman rani. Ka san yadda ruwan can yake: ba naka ba ne kai kaɗai, bi da bi ake sha. In ranarka ta zo ka buɗe bakin kwalbatinka daga kanal, babbar hanyar ruwan, in ka bari ta wuce sai ka jira ruwa ya zagayo kowa ya dawo kanka. To Malam bai daɗe da dashen albasa ba, ranar ruwansa ta kama. Ni kuwa bayan azahar na kwanta da babanka a jikina, barci ya ɗauke ni. Sai ga Gulbi ya taso tsakiyar rani, jajawur, ya kwashe albasar Malam tas, ya biyo hanya ya shigo ɗaki, ya kai mani ƙugu. Na farka a firgice, na shafa zanena, jiƙe sharkaf! Na ce shi ke nan, ruwan har ya biyo ni waje don in tabbatar.

Ko takalmi ban sa ba na ruga fadama. Na iske Malam da fartanya zai buɗe ruwa.

Na ce, "Malam, don girman Allah kada ka buɗe!"

Ya ce, "Lafiya, Dije? Wa ya mutu?"

Na ce, "An nuna mani. Ruwa ne zai kashe albasar nan. Taɓa zanena ka ji."

Bawan Allah, lokacin yana ganin ko tari na yi hikima ce. Ya taɓa, ya kira maƙwabcin filinsa ya bar mashi ranar. Muka komo gida ina tafe ina jin kaina kamar wata waliyyiya. Uwar Malam, Iya Tabawa, ta saurari labarin daga farko har ƙarshe. Sai ta kamo bakin zanena ta kai hanci.

Ta ce, "Dije, wanga gulbin naki zarni yake."

Kafin ruwa ya zagayo, rana ta cinye rabin dashen. Malam bai yi mani faɗa ba. Amma har ya koma ga Allah, in babanka ya yi sallama sai ya ce, "Ku ɗage kaya, ga Gulbin Maraɗi nan ya iso." Kada ka kuskura ka kira shi da sunan, yanzu Alhaji ne, har da tumbi.

Abin da na koya a nan, mai barci bai rufe ƙofarsa duka ba. Sanyi na shiga, ƙarar turmi na shiga, cikin da aka cika da wake ma yana aika saƙo. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta son a tashe ta, sai ta karɓi abin ta yi mashi labari. In ta ji jiƙa sai ta kawo gulbi. In ta ji luguden maƙwabta sai ta kawo ganga da biki. Don haka in ka farka da mafarki mai nauyi, kafin ka tambayi abin da yake nufi, ka fara duba abin da ka kwanta a kai, da abin da ka ci, da abin da ke ƙara a bayan taga.

Kana tsammanin na yi hankali daga nan? Ina! Bayan mun dawo Tsibiri sai dannau ya sa ni gaba. Nakan koma kwanciya bayan asuba, sai in buɗe ido, ga azara ina gani, ga kukan zakara ina ji, amma ko yatsa ba na iya ɗagawa. Wani abu zaune bisa ƙirjina kamar buhun gero, murya ta ƙi fita. Tsofaffi suka ce in riƙa sadakar ƙosai duk ranar da abin ya zo. Na kama yi. Har ta kai yaran unguwa da safe sukan leƙo zaure su ce, "Iya Dije, ina kwana? Yau ba a danne ki ba?" In na ce lafiya na tashi sai su juya da fuska a murtuke.

Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne Hajo, maƙwabciyata ta jikin katanga. Kullum kwanon tuwonta na tsallakowa gidana, nawa na tsallakawa nata. Wata rana cikin dannau na ga kamar inuwar mace mai tsayinta a bakin ƙofa. Ban ce mata kome ba, amma na daina cin tuwonta, nakan juye wa kaji. Ta gane. Kwanonta ya daina zuwa.

Majon dispansar ɗinmu ta lokacin, wato babbar mai jinya, wata Rakiya, mace mai faɗa amma ta san aikinta, ita ta warware mani. Na kai gwaggonka awo, ta dube ni ta ce, "Ke kuma me ya rame da ke haka?" Na ba ta labari ina rage murya. Ta aje abin da ke hannunta.

Ta ce, "Kina da akuya?"

Na ce, "Ina da."

"In za ki bar gida me kike mata?"

"Turke ta nake, kada ta shiga rumbun mutane."

Ta ce to haka ƙwaƙwalwa ke yi wa jiki. Barci ba abu guda ba ne, hawa-hawa ne, yana nitsewa yana tasowa. Akwai inda in an kai, jiki na kwance amma ƙwaƙwalwa ta kunna wuta kamar ta wanda ke farke, idanu na ta gudu a ƙarƙashin fata. A nan mafi yawan mafarki yake, kuma ya fi tsawo wajen asuba. To kafin ta soma, sai ta turke hannuwa da ƙafafu. Ta ce, "In ba a turke ki ba, kika yi mafarkin kura ta biyo ki, ai a kasuwa za a tsinto ki ba ɗankwali." Dannau kuwa, in ji ta, farkawa ce kika yi kafin a kwance igiya. Ido ya buɗe, jiki na turke, sauran mafarki bai gama fita ba, shi ne inuwar da kike gani. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna jawo shi.

Na ce, "To Majo, labaran fa, wa ke kitsa su?"

Ta ce kayan da kika yini kina kwasa ne, da na tuntuni, ƙwaƙwalwa ke jerawa, tana ware na ajiya da na zubarwa. Sai dai a lokacin, wajen da ke kula da tsoro da bege idonsa biyu tar, wajen da ke cewa "kai, wannan ba ya yiwuwa" shi kuma yana ta minshari. Na ce ashe gida ne maigida ya yi barci, yara suka hau girki. Ta yi dariya ta ce in kwashe ɗiyata in ba mutane wuri.

Ban yarda da ita nan take ba. Sai da na koma ina gadin masu barcin rana kamar ɓarauniya. Na duba Malam, na duba yara, har karen maƙwabta na duba, ƙafafunsa na ɗan motsi yana farauta a kwance. Wallahi idanun nan suna gudu. Kai ma da aka haife ka na duba ka, naka har sun fi na kowa rawar kai, tun lokacin na san ba mijin kirki na samu ba.

Da kaina na ɗauki kwanon dambu na shiga gidan Hajo. Ta karɓa, mun ci gaba da gaisawa, amma zaman bai koma kamar da ba. To kai za ka inda za a haɗa ka ɗaki da ɗiyan mutanen da ba ka sani ba, ga karatu zai hana ka barci. In dannau ya zo maka, kada ka dubi na kusa da kai. Ka ambaci Allah a zuci, ka yi numfashi a hankali, ka nemi motsa babban yatsan ƙafa, igiyar za ta kwance da kanta. Ka juya kan haƙarƙari. In gari ya waye aka miƙo maka abinci, ka sa hannu ka ci.

Yanzu kawo naka mafarkin mu kwance shi, yadda ake kwance tsohuwar riga a ga inda tela ya samo ƙyallayensa. Tabarmi: ba a layinku aka yi rasuwa ba kwanan baya? Innarka ta ce kai ka yini kana shimfiɗa su kana naɗewa, kana zuba wa mutane ruwa a buta. Ni kuma: ba kai ka ɗauke ni a babur aka auna mani tansiyo, wato hawan jini, ba, kana tsaye kana zare ido lokacin da aka ce ta ɗan hau? Yamai: ita ce a bakin kowa a gidanku safe da yamma. Ga ƙyalle uku, wace riga kake so a ɗinka maka da su in ba wannan ba?

Kuma innarka ba ta rage mani kome ba. Ta ce a cikin mafarkin, da ka shiga zaurena sai ka faɗa filin lakwal, makarantarku, kuma mai raba dabino ga masu gaisuwa mushenku ne, malamin lissafi, ɗaure da zanena mai ruwan goro. To angona, don me ka gaskata tabarmi, ba ka gaskata mushe zai ɗaura zane ba? In za ka karɓa ka karɓa duka. Ka je ka gaya mashi ya shirya.

Ban ce babu mafarkin gaskiya ba, kada ka kai ni gaban malamai. Akwai shi, Allah na nuna wa wanda ya so. Amma su malaman da kansu sun ce wani mafarkin zancen zuci ne kawai, wani kuma tsoratarwa ce, kuma wanda ya ga abin ƙi ya nemi tsari, ya yi tofi ta hagu, ya juya, kada ya yi ta yayatawa. Babu inda na ji an ce ya kwance jakarsa. Ranar mutuwa kuwa ba a ba kowa ita ba, balle kai da ko ranar da za ka wanke rigarka ba ka sani ba.

Saura guda, ita ce na yi ta kewayewa tun farkon takarda.

Ka sha tambayata don me na iya karatu amma ban yi nisa ba, ni kuma in ce maka mushe ne ya ji tsoron in ƙwace mashi aiki. Ba haka ba ne. Na ci jarrabawar ƙarshen lakwal, an kira sunana cikin masu zuwa kwaleji a Maraɗi, can za mu riƙa kwana. 'Yan mata ba mu da yawa. Babana ya yarda, har ya sayo mani akwatin ƙarfe shuɗi. Ana saura kwanaki kaɗan sai na yi mafarki an fito da Innata a makara, ni kuma ina tsaye da akwatina a ka, na kasa sauke shi. Da safe a bakin turmi na gaya wa gwaggona. Kafin azahar gidan duka ya ji, kafin la'asar unguwa ta ji. Waɗanda dama ba su son tafiyar suka samu abin riƙewa. Mafarki in ka faɗe shi ya tashi daga naka, kowa sai ya ja shi inda yake so.

Amma kada in ɗora wa kowa. Inna da bakinta ta ce, "Ke Dije, tafi abinki. In kwanana ya ƙare, zamanki zai ƙara mani?" Babana ya ce zaɓi na gare ni. Ni na ce ba ni zuwa. Maraɗi fa, Lawali! Inda kake tasowa yanzu ka iso nan shayinka bai huce ba. Akwatin nan wake aka riƙa zubawa a ciki.

Inna ta rayu har ta goyi babanka, ta ga aurensa, haƙoranta suka zube tana nan tana faɗa da jikoki. Wata rana na raka ta dispansar, wata yarinya sa'ar ɗiyata ta yi mata allura. Da muka fito sai ta ce, "Da kin tafi, da yanzu ke ce ke soka mani, ba ɗiyar mutane ba." Tana dariya ta faɗa. Ni ban yi ba.

Ranar da ta rasu kuwa, ba a nuna mani kome ba. Abin da na gani a barcin da na tashi daga shi, wata zabuwa ce sanye da takalmi ina bin ta cikin gero. Da hantsi na bar Inna tana jan tasbaha a inuwa, na shiga maƙwabta aron rariya. Kafin in dawo an gama. Shekara da shekaru ina gadinta, da abin ya zo katanga guda ce tsakaninmu, kuma ba ni nan.

Sai da na tsufa na zauna na kwance wancan mafarkin kamar yadda na kwance naka. An wuce da makarar wata mata ta ƙofar gidanmu a satin, na leƙa na gani. Sauran kuma tsoro ne. Ina tsoron 'yan birni su yi mani dariya, ina tsoron faransancina na ƙauye, ina tsoron in je in kasa in dawo da kunya. Ban iya faɗin wannan da rana ba, sai tsoron ya ari fuskar Inna ya zo mani cikin barci, don ya san ita ce ba zan iya yi wa gardama ba.

Shi ya sa nake tambayarka, kuma ba sai ka ba ni amsa ba: me kake tsoro a Yamai? In zabarmanci ne, za ka koya, bakinka ba ya gajiya. In faɗuwa ce, ka je ka faɗi can, ka tashi can. In kewar tuwon innarka ce, wannan kam ba magani, kowa da haka ya girma. Amma ka kira tsoronka da sunansa. Kada ka sa mashi ɗankwalina.

Ba zan yi maka ƙarya ba don ka ji daɗi. Na tsufa. Yana yiwuwa wata rana kana cikin aji wayarka ta portabul ta yi ƙara, ka ji muryar babanka ta sauya. Yana yiwuwa kuma in zauna nan in ci kaza a bikinka, in kushe amaryar. Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, mafarkinka ma bai sani ba. In na farkon ne ya faru, ga abin da nake so: kada ka ce ai dama na gani, kada ka ce da na zauna. Ka yi alwala ka yi mani addu'a a inda kake, tana isowa. In jarrabawa ce a gabanka ka rubuta ta tukuna, sannan ka zo. Tabarmi akwai masu shimfiɗawa, unguwar nan ba ta rasa hannu ba. Abin da ba wanda zai yi mani sai kai, shi ne zama a kujerar nan ta Yamai.

Ranar Asabar zan sa a kawo ni tasha da sassafe. Na riga na sa an soya maka ƙuli-ƙuli da yaji, na kuma ce wa innarka ta sake ɗaure jakar. In na iske ka, zan sa maka albarka a gaban mutane, in ja maka kunne kan 'yan matan Yamai. In ban iske ka ba, wallahi ni zan hau kar ɗin in zauna a wurinka, in je in ce masu ga Dije ta Tsibiri ta iso, a yi haƙuri, ta ɗan makara. Ka san zan iya. Ka rufa wa danginku asiri ka zo.

Allah shi kai ka lafiya, shi sauke ka lafiya. Shi tsare ka a hanya da masauki, shi haɗa ka da abokan kirki, shi buɗe maka kai. Allah shi ba ka barci mai daɗi, ka kwanta da aminci ka tashi da aminci. Ka gaida babanka da innarka da yara.

Wassalam.

Matarka ta fari, kakarka,
Dije